Filin Tambaya da Amsa: Gidan Wasan da Ba Ya Neman Riba, da Me Yake Rayuwa?

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a 'yan makonnin nan sun yi ta kewaya magana guda, tun daga ranar da muka ambaci a taƙaice cewa a Amurka akwai gidajen wasan kwaikwayo waɗanda doka ba ta lissafa su cikin 'yan kasuwa ba. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, kuma na ga ya fi dacewa in amsa su da misalin ƙungiya ɗaya wadda tarihinta yake a rubuce, maimakon in yi ta magana a dunƙule.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin adabi ne. Na ji cewa a birnin New York akwai wata ƙungiya da take nuna wasan kwaikwayo kyauta a cikin lambun shaƙatawa kowace shekara, kuma wai ta fi shekara sittin tana yin haka. Wace ƙungiya ce, wa ya kafa ta, kuma yaya aka yi ta fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙungiyar da kake nufi ita ce Public Theater, wato gidan wasan jama'a, kuma wanda ya kafa ta shi ne Joseph Papp, wanda aka haifa a Brooklyn a shekarar 1921. Iyayensa Yahudawa ne matalauta da suka yi ƙaura daga Gabashin Turai, harshen Yidish ake yi a gidansu, kuma tun yana yaro ya yi ƙananan sana'o'i irin su gogar takalma domin ya taimaka wa gida. Ba don ado na kawo wannan asali ba. Yaron da ba shi da kuɗin shiga gidan wasa, a makarantar gwamnati da laburaren gwamnati ya haɗu da rubuce-rubucen Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, kuma daga nan ne ya samo ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa idan gari ya yarda ya bai wa kowa littafi ya karanta ba tare da ya biya ko kwabo ba, to babu dalilin da zai sa kallon wasan da ke cikin littafin ya zama na masu hali kaɗai.

Bayan ya gama aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya samu aiki a gidan talabijin na CBS a matsayin mai kula da tsarin dandamali. Da albashin wannan aiki yake cin abinci a lokacin da ya tara wasu 'yan wasa a shekarar 1954, suka fara bita da nuna wasannin Shakespeare a zauren wata majami'a da ke unguwar Lower East Side, unguwar talakawa da baƙin haure a wancan zamani. A 1956 suka fito fili, suka yi wasa a wani dandali marar rufi da ke bakin kogin East River. A 1957 kuma suka ɗora dandamali a bayan babbar mota, suna yawo da shi gunduma-gunduma, har suka yada zango a lambun Central Park da ke tsakiyar birni. Tun daga wannan shekara wasan ya zama na wannan lambu.

Shekaru biyu da suka biyo baya su ne suka gwada ƙarfin zuciyar mutumin. A 1958 kwamitin majalisar wakilai mai farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin gurguzu ya kira shi ya ba da bahasi, ya ƙi ambaton sunan kowa, CBS ta sallame shi, shi kuma ya kai ƙara ta hannun ƙungiyar ma'aikata har aka mayar da shi bakin aikinsa. A 1959 sai ga babbar rigimar da ta sa sunansa ya karaɗe gari. Kwamishinan lambunan birnin, Robert Moses, wanda a lokacin kusan babu mai ƙarfin faɗa-a-ji kamarsa a harkar gine-ginen New York, ya ce lalle sai an riƙa karɓar kuɗin shiga, domin 'yan kallo suna tattake ciyawa kuma gyaranta yana cin kuɗi. Papp ya ƙi, saboda ya san cewa ranar da aka kafa teburin sayar da tikiti a bakin ƙofa, ko da kuɗin kaɗan ne, mutanen da ya fito domin su za su tsaya daga nesa su juya. Magana ta kai kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukuncin cewa sharaɗin kwamishinan ba shi da hujja. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin shi ne abin da Moses ya yi bayan ya sha kaye, domin shi da kansa ne ya nemi hukumar birnin ta ware kuɗi a gina wa wasan mazauni na dindindin a cikin lambun. Wani attajiri mai kamfanin buga littattafai, George Delacorte, ya cike giɓin da gudummawar dala dubu 150, aka sa wa dandalin sunansa, aka buɗe shi a watan Yunin 1962 da wasan The Merchant of Venice, wanda George C. Scott da James Earl Jones suka fito a ciki.

Dandalin Delacorte yana ɗaukar mutum wajen 1,800, kuma ba shi da rufi. Mai kallo yana zaune ne a kan kujerun da aka jera hawa-hawa kamar rabin da'ira, a bayan 'yan wasa akwai ɗan tafki, a kan dutsen da ke bayan tafkin kuma akwai wani ƙaramin gini mai siffar fadar sarakunan Turai. Ana fara wasa da sauran hasken yamma, duhu ya sauko a hankali yayin da labari yake ƙara zafi, idan kuma ruwan sama ya sauko sai a dakata, ma'aikata su fito su share dandamali, a ci gaba in an samu hali.

Sai dai Papp bai so ƙungiyarsa ta tsaya ga wasannin Shakespeare, marubucin da ya rasu tun 1616, ba. Yana son gida mai rufi inda za a nuna sababbin wasanni na marubuta masu rai a duk tsawon shekara. Ya samu wani tsohon gini a titin Lafayette, wanda asalinsa laburaren Astor ne da aka buɗe a 1854, daga baya ya zama ofishin wata ƙungiya mai karɓar Yahudawa 'yan gudun hijira, kuma a lokacin ana shirin rushe shi. Aka ceto ginin, aka gyara ɗakunansa suka zama zaurukan wasa, aka buɗe a 1967 da wani wasa mai waƙe-waƙe mai suna Hair, wanda ya taɓo yaƙin Biyetnam da boren matasan wancan zamani. Daga baya hukumar birnin ta sayi ginin, ta bar wa ƙungiyar haya a kan dala ɗaya a shekara. Papp ya jagoranci gidan har rasuwarsa a 1991. JoAnne Akalaitis ta gaje shi na ɗan lokaci, George C. Wolfe ya karɓa a 1993, sannan Oskar Eustis ya hau kujerar a 2005.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne, kuma kalmar nan ta "ba ta neman riba" ta ɗaure mini kai. Shin 'yan wasan aikin sa-kai suke yi ba a biyan su? Idan kuma ana biyan su, alhali kallo kyauta ne, daga ina kuɗin yake fitowa? Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amsa: Gaskiyarka, Alhaji, kuma tambayarka ita ce ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Ana biyan 'yan wasa, ana biyan masu ɗinka tufafi, da kafintoci masu gina dandamali, da masu haske da sauti, da masu gadi. Ƙwararrun 'yan wasan dandamali a Amurka suna da ƙungiyar ƙwadago mai suna Actors' Equity, wadda aka kafa tun 1913, kuma ita take yarjejeniya da gidajen wasa a kan mafi ƙarancin albashi da sa'o'in aiki. Abin da kalmar take nufi a dokar harajin Amurka, a ƙarƙashin sashen da ake kira 501(c)(3), shi ne cewa ƙungiyar ba ta da mai ita. Babu masu hannun jari da za su raba abin da ya saura a ƙarshen shekara. Idan an samu rara, dole ta koma cikin aikin da aka kafa ƙungiyar dominsa, idan kuma ƙungiyar ta rushe, dukiyarta ba ta zama gadon kowa ba, sai dai a miƙa ta ga wani aikin amfanin jama'a. Kwamitin amintattu ne yake riƙe da amanar, shi yake naɗa shugabanni ya kuma amince da kasafin kuɗi, kuma a al'ada mambobinsa ba sa karɓar albashi, hasali ma ana sa ran su ba da nasu su kuma nemo na wasu. A madadin haka gwamnati ta yafe wa ƙungiyar harajin kuɗin shiga, ta kuma ba wanda ya yi mata kyauta damar cire adadin daga abin da za a yi masa lissafin haraji a kai. Ƙungiyar kuma tana cika takardar bayanin kuɗinta kowace shekara, wadda kowa yake iya dubawa ya ga har albashin manyan shugabanninta.

Ka kuma lura cewa wasan lambu ne kyauta. Wasannin da ake yi a ginin titin Lafayette ana sayar da tikitinsu, sai dai kuɗin tikiti ba ya rufe abin da ake kashewa, kuma wannan ba alamar rashin iya tattali ba ce. Wasu masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, sun yi bayanin dalilin a wani nazari da suka wallafa a 1966. Mai masaƙa yana iya sayen sabon inji ya saƙa a yini ɗaya abin da kakansa yake saƙawa a wata guda, don haka yana iya ƙara wa ma'aikata albashi ba tare da ya tsawwala farashi ba. Wasan da aka rubuta domin mutum ashirin kuwa, wanda yake cin sa'a uku, yau ma mutum ashirin yake bukata da sa'a uku, kamar yadda yake shekara 400 da suka wuce, alhali kuɗin hayar gidan ɗan wasa da na abincinsa suna hawa tare da na kowa. Ba a iya gaggauta shi, ba a kuma iya ƙara kujeru fiye da inda muryar mutum za ta kai. Saboda haka giɓin yana nan, kuma yana faɗaɗa da tafiyar zamani.

Ana cike shi ne daga wurare da yawa: kyautar ɗaiɗaikun mutane, manya da ƙanana, tallafin gidauniyoyi, kuɗin kamfanonin da suke son a ga sunansu a jikin aikin, da ɗan abin da ke zuwa daga hukumar birni da ta jiha da ta tarayya. Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi masu yawa a wannan fanni tun daga ƙarshen shekarun 1950, kuma a 1965 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, wato fasaha irin ta wasan kwaikwayo da adabi da zane. Waɗannan biyun sun taimaka wajen yaɗuwar irin waɗannan gidaje a biranen ƙasar, domin Public Theater ba ita kaɗai ba ce, ba ita ce ma ta farko ba. Akwai Cleveland Play House tun 1915, da Alley Theatre a Houston tun 1947, da Arena Stage a Washington tun 1950, da Guthrie a Minneapolis tun 1963.

Akwai kuma wata hanya da Public Theater ta yi fice a kai, wadda na san za ta burge ɗan kasuwa. Wani lokaci wasan da aka rena a ƙaramin zaure yakan yi farin jini har a kai shi Broadway, unguwar manyan gidajen wasa na kasuwanci, inda tikiti yake da tsada kuma riba ake nema ƙiri-ƙiri. Lokacin da Hair ya koma can a 1968 wani ne ya ɗauki nauyinsa, kuma abin da ya dawo wa gidan da ya haife shi bai taka kara ya karya ba. Papp ya koyi darasi. Da aka zo kan A Chorus Line, wasan da ke ba da labarin masu rawa da suke neman aiki, sai ya ba masu shirya shi wuri da ɗan alawus suka yi watanni suna gwaji ba tare da an san abin da zai fito ba, sannan da wasan ya karɓu a 1975 ƙungiyar da kanta ta kai shi Broadway. Ya yi shekara 15 ana nuna shi, sau 6,137, har zuwa 1990, kuma kuɗin da ya kawo su suka riƙe wasan lambu da ɗimbin sababbin wasanni waɗanda ba za su taɓa mayar da kuɗinsu ba. Haka aka sake yi da Hamilton, wanda ya fara a titin Lafayette a farkon 2015 kafin ya koma Broadway a watan Agustan shekarar. Ni dai ina ganin watannin nan na gwaji su ne ainihin amfanin tsarin gaba ɗaya, domin mai zuba jari ba zai biya mutane su yi rabin shekara suna laluben abin da ba shi da suna ba tukuna. Amma irin wannan sa'a takan zo ne sau ɗaya a shekaru masu yawa, kuma ba a gina kasafi a kanta. Bayan annobar korona, da 'yan kallo suka ragu kuma kaya suka yi tsada, ƙungiyar ta sallami kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatanta a 2023, ta kuma rage yawan wasanninta.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce. Abin da yake damuna shi ne, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan attajirai da kamfanoni ne suke ciyar da gidan wasa, anya zai iya nuna abin da zai ɓata musu rai?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan ce miki babu wannan haɗari ba. Bari in kawo miki abubuwa biyu da suka faru a wannan gida. A 1990, bisa wata doka da majalisar dokokin Amurka ta yi a 1989, aka sa sharaɗi cewa duk wanda zai karɓi tallafin hukumar fasaha ta ƙasa sai ya sa hannu a kan alkawarin cewa ba zai yi amfani da kuɗin wajen abin da ake ɗauka batsa ba. Papp ya ga cewa kalmomin sharaɗin suna da faɗin da za a iya amfani da su a toshe bakin marubuci a kan kowace irin magana, sai ya ƙi sa hannu, ya haƙura da kuɗin, a daidai lokacin da A Chorus Line yake rufewa kuma aljihun gidan yake bukatar kowace dala. Na biyu ya faru a watan Yunin 2017, lokacin da Oskar Eustis ya shirya Julius Caesar a lambu, wasan Shakespeare a kan Kaisar, shugaban Rum ta dā, ya fito da Kaisar cikin kwat da dogon jan lakataye da gashi mai ruwan zinariya, yadda duk mai ido zai gane cewa Shugaba Donald Trump ake nufi. Tun da a cikin labarin ana kashe Kaisar da wuƙaƙe, sai hayaniya ta tashi. Kamfanin jiragen sama na Delta ya janye tallafinsa daga ƙungiyar, Bank of America ya janye daga wannan wasa, wasu masu zanga-zanga kuma suka katse wasan ana tsakiyar yi. Ƙungiyar ta amsa da cewa wasan da kansa gargaɗi ne ga masu neman gyara mulki ta hanyar kisa, domin duk waɗanda suka ƙulla makircin ƙarshensu bai yi kyau ba kuma jamhuriyar da suka ce suna karewa ta rushe. Aka ci gaba da nuna shi har ranar da aka tsara rufewa.

Mutum yana iya ganin cewa shigar da aka yi wa Kaisar ta wuce gona da iri, kuma akwai masu hankali da suka ga haka. Abin da ya shafi tambayarki shi ne dalilin da ya sa gidan ya iya tsayawa. Ya tsaya ne domin ba hannu ɗaya yake ciyar da shi ba. Da kamfani guda ne yake riƙe da rabin kasafinsa, ko da ma'aikatar gwamnati guda ce, da labarin ya sha bamban.

Duk da haka, abin da ya fi ba ni tsoro ba irin wannan rigima ta fili ba ce, domin ita kowa yana ganinta kuma jaridu suna ɗauka. Na fi jin tsoron askin da ake yi a ɓoye, wanda babu wanda ya nema da baki: daraktan da ya san irin mutanen da ke zaune a kwamitin amintattunsa, ya karanta wani wasa mai kyau da ke sukar yadda ake tara dukiya a garin, ya ajiye shi a gefe ya ce bai ƙosa ba tukuna. Ba a rubuta irin wannan a takardar bayanin kuɗi, kuma babu dokar da za ta hana shi. Maganinsa kawai shi ne shugaba mai ƙashin baya, da amintattun da suka fahimci cewa an ba su amanar kuɗi ne ba amanar zaɓen wasa ba. Ki kuma sani cewa doka ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa a zaɓe, amma ba ta hana su nuna wasan da ya taɓo siyasa ba.

Tambaya: Malam, shin baƙar fata da 'yan Afirka suna da wuri a wannan gida, ko kuwa Shakespeare ne kawai da Turawa?

Amsa: Suna da wuri, kuma tun da wuri. Papp ya riƙa ba baƙaƙen 'yan wasa da 'yan asalin Latin Amurka manyan matsayi a wasannin Shakespeare tun a zamanin da ake ganin haka baƙon abu ne, domin a ganinsa dandamalin da ke cikin New York ya kamata ya yi kama da mutanen da ke tafiya a titunan New York. James Earl Jones ya fito a matsayin Othello a lambu a 1964, ya kuma fito a matsayin Sarki Lear a 1973. Ta fuskar marubuta, a wannan gida aka nuna No Place to Be Somebody na Charles Gordone a 1969, wanda ya sa ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta wasan kwaikwayo, babbar lambar yabon marubuta a Amurka, a 1970. Wasan Ntozake Shange a kan rayuwar baƙaƙen mata ya bi ta nan a 1976 kafin ya isa Broadway. A zamanin George C. Wolfe, wanda shi ma baƙar fata ne, aka nuna Topdog/Underdog na Suzan-Lori Parks a 2001, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta a 2002.

Game da Afirka kai tsaye, a 2015 gidan ya nuna Eclipsed na Danai Gurira, wadda ta tashi a Zimbabuwe, wasan da ke ba da labarin wasu mata da wani kwamandan 'yan tawaye ya tsare a lokacin yaƙin basasar Laberiya, kuma Lupita Nyong'o ta Kenya ce ta ja ragamarsa. A 2021, da aka sake buɗe lambu bayan kullen korona, wasan da aka fara da shi shi ne Merry Wives, wanda Jocelyn Bioh, 'yar asalin Gana, ta ɗauko daga Shakespeare ta mayar da shi cikin 'yan Afirka ta Yamma mazauna unguwar Harlem, da shagon kitso da wurin wanki a kan dandamali, kuma Saheem Ali, haifaffen Kenya, ya ba da umarni. Shi ne kuma ya shirya Twelfth Night da aka buɗe dandalin Delacorte da shi a watan Agustan 2025, bayan an rufe shi an yi masa babban gyara.

Tambaya: Malam, idan kyauta ne, yaya ake raba kujerun? Ba masu hanya ne suke kwashewa ba?

Amsa: Hanyar da aka fi sani ita ce layi. Ana raba tikitin kowace rana da tsakar ranar da za a yi wasan, mutum ɗaya tikiti biyu, kuma idan wasa ya yi suna mutane sukan fara taruwa tun ƙarfe shida na safe da aka buɗe lambun, wasu ma tun kafin nan a bakin ƙofa. Za ka ga an shimfiɗa barguna a gefen hanya, wani da kujerar naɗewa, wani da littafi, wani yana barci da jaka a ƙarƙashin kansa, ma'aikata kuma suna zagawa suna tabbatar da cewa babu wanda ya shigo layi daga tsakiya. Akwai layi na musamman domin tsofaffi da masu bukata ta musamman, ana kuma yin ƙuri'a ta intanet, sannan ana kai wani kaso na tikitin wasu wurare a gundumomin birnin guda biyar. Gaskiya ne kuma cewa ana keɓe wasu kujeru domin waɗanda suka ba da gudummawa mai tsoka, abin da wasu suke suka, ƙungiyar kuma take cewa da kuɗin waɗannan ake biya wa sauran.

Sai dai akwai gaskiyar da tambayarka ta taɓo, ko da ba ta inda ka zata ba. Zaman sa'a shida a layi ranar aiki shi ma biya ne, kuma direban bas ko mai aikin jinya ko matar da ke da ƙananan yara ba su da irin wannan kuɗi. Shi ya sa nake ganin aikin da ya fi kusa da niyyar Papp ta farko shi ne ayarin tafi-da-gidanka da aka farfaɗo da shi a 2010, jikan motar nan ta 1957. 'Yan wasa kaɗan ne suke ɗaukar wasan Shakespeare da aka taƙaita zuwa kimanin minti 90, su kai shi gidajen yari, da matsugunan marasa gida, da cibiyoyin unguwanni. Ba a kashe fitila, babu labule, ana jera kujeru ne a kewaye da fili a ɗakin motsa jiki ko ɗakin cin abinci, ɗan wasa yana ganin fuskar kowa kuma kowa yana ganin tasa, har mai kallo yakan amsa wa ɗan wasa magana da ƙarfi idan abin ya taɓa shi. Daga baya kuma aka ƙaro wani shiri mai suna Public Works, wanda yake aiki duk shekara da ƙungiyoyin unguwanni, na tsofaffi da na yara da na masu aikin gida da na waɗanda suka fito daga kurkuku, ana yi musu azuzuwa ana kai su kallo, sannan a ƙarshen lokacin zafi mutum wajen 200 daga cikinsu su hau dandamalin Delacorte tare da ƙwararrun 'yan wasa. Wasan da suka fara da shi a 2013 shi ne The Tempest, kuma shi ma tikitinsa kyauta aka raba.